KUƊIN BINCIKE DA TIKITIN JIRGIN SAMA: ABIN DA YA KAMATA A SANI KAFIN A YI TAFIYA

Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da zama a garuruwan Gabas. Tun a 1916 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Fatakwal da Inugu, daga baya ta zarce ta sadu da ta Arewa, fatake suka riƙa gangarowa da shanu da wake da albasa, suna komawa da manja. Zaman ya yi daɗi har Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a cikin shekarun 1950. Yau jikokin waɗannan fatake, waɗanda aka haifa a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, wasu malaman jami'a ne, wasu likitoci, wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Akan same su a Jami'ar Fatakwal, da reshen Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, wadda ba ta da nisa da Anaca.

Aikin bincike yakan sa irin waɗannan ma'aikata tafiya ƙasashen waje, ko don halartar taro, ko don ƙaro ilimi. Sau da yawa akan ce wa mutum ya sayi tikiti da kuɗinsa, in ya dawo a mayar masa. Shi kuwa ba ya da wannan kuɗi a ajiye, sai ya ranta wurin mahaifinsa ko kawunsa, ko kuwa ya kwashi adashi. Idan aka zo biya aka ce jirgin da ya hau ba ya cikin waɗanda doka ta yarda da su, asarar ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba, gidan duka za ta shafa. Saboda haka aka shirya wannan darasi. Manufarsa ɗaya ce: a gane cewa kuɗin gwamnati yana zuwa da sharaɗin jirgin da za a hau, kuma kafin a sayi tikiti ake bincika sharaɗin.

1. Kuɗin tallafi amana ne

Tsofaffin ma'aikata za su tuna da waranti, watau takardar da gwamnati kan bai wa ma'aikaci don ya shiga jirgin ƙasa ba tare da ya biya ba. A jikinta an rubuta inda za shi da irin wagunun da ya cancanta. Wanda warantinsa bai kai faskila ba, in ya shiga faskila, aljihunsa ne zai ji. Kuɗin bincike ma haka yake. Harajin jama'ar wata ƙasa ne aka danƙa wa masani don ya yi wani aiki takamaimai, kuma masu binciken kuɗi za su bi kowane kwabo su ga inda ya shiga.

Gwamnatin Amurka tana cikin waɗanda suka daɗe suna tallafa wa bincike a wannan ƙasa. Da taimakonta Jami'ar Jihar Michigan ta sa hannu wajen kafa Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960. Daga baya kuɗi ya riƙa shigowa ta hannun hukumar binciken lafiya ta NIH, da hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta CDC, da gidauniyar kimiyya ta NSF, da shirin musayar malamai na Fulbright, da shirin yaƙi da cutar ƙanjamau na PEPFAR da aka fara a 2003. A 2025 an rufe hukumar agaji ta USAID, tallafi da yawa ya tsaya. Abin da ya rage bai kamata a yi asararsa a kan kuskuren tikiti ba.

A lura da abu guda. Sau da yawa kuɗin ba kai-tsaye yake zuwa ba. Hukuma ce za ta bai wa wata jami'ar Amurka, ita kuma ta yanko wani kaso ta bai wa jami'ar Nijeriya. Duk hannun da kuɗin ya bi, sharaɗin yana biye da shi. Ba ruwan dokar da ko matafiyi Ba'amurke ne ko ɗan Nijeriya, malami ne ko ɗalibi. Asalin kuɗin take dubawa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

2. Dokar da dalilinta

Majalisar dokokin Amurka ta zartar da wannan doka a 1974. An fi saninta da sunan Fly America, watau a hau jirgin Amurka. A lokacin tsadar man fetur ta 1973 ta jijjiga manyan kamfanonin jiragen ƙasar irin su Pan Am da TWA, ga shi kuma suna gasa da kamfanonin da gwamnatocin wasu ƙasashe suka mallaka suke kuma tallafa musu. Sai majalisar ta ga bai dace a kwashi harajin Amurkawa a bai wa kamfanonin baƙi ba, alhali na gida suna kuka.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne: duk wanda gwamnatin Amurka za ta biya masa kuɗin jirgin sama, wajibi ne ya hau jirgin kamfanin Amurka matuƙar akwai shi a hanyar. Manyan kamfanonin da abin ya fi shafa su ne Delta da United da American. Delta ya fara zirga-zirga tsakanin Atlanta da Legas a 2007, United kuma ya buɗe hanyar Washinton zuwa Legas a 2021.

Akwai dalilai uku da mutane suka fi kawowa, kuma babu wanda dokar ta karɓa a cikinsu. Na farko, jirgin baƙi ya fi araha. Na biyu, ya fi sauƙi ko daɗin tafiya. Na uku, shi matafiyin ya saba hawa. Na farkon ne ya fi ba mutane mamaki, domin a tunaninmu wanda ya rage wa gwamnati kashe kuɗi yabo ya cancanta. To, a nan ba haka ba ne. Wanda ya hau jirgin da bai halatta ba, ba ragowar da ke tsakanin farashin biyu za a cire masa ba. Kuɗin wannan tafiya ne ba za a biya ba. Idan kuwa an riga an biya kafin a gano, masu binciken kuɗi za su ce a mayar.

Bugu da ƙari, ƙa'idar kashe kuɗin tallafi ta Amurka ba ta biyan abin da ya wuce kuɗin kujerar gama-gari. Mai son kujerar manya sai ya cika daga aljihunsa, sai dai in akwai larura ta rashin lafiya da aka tabbatar a rubuce, ko wani dalili makamancin wannan da ƙa'idar ta ambata.

3. Lamba ake dubawa, ba fenti ba

Kamfanonin jiragen sama sukan yi tarayya, ɗaya ya sayar da kujeru a jirgin ɗaya da sunansa da lambarsa. Delta yana da irin wannan tarayya da Air France da KLM da Virgin Atlantic. United yana da ita da Lufthansa, American kuma da British Airways. Saboda haka jirgi ɗaya yakan tashi ɗauke da lamba biyu ko fiye.

Kowane kamfani yana da haruffa biyu da ke gaban lambar tafiyarsa: DL na Delta, UA na United, AA na American, LH na Lufthansa, BA na British Airways, ET na Ethiopian, QR na Qatar. Idan tikitinka ya nuna DL ko UA ko AA a gaban lambar tafiyar, ka bi doka, ko da jirgin da ka shiga fentin wani kamfani ne a jikinsa. Idan kuwa haruffan kamfanin baƙi ne a tikitin, dokar tana ɗaukarsa jirgin baƙi, ko da maƙwabcinka na kujera ya sayi nasa da lambar Amurka. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, a biya ɗaya, a hana ɗaya.

Mutanen Inugu su yi hattara da kamannin suna. United Nigeria, wanda ya fara aiki a 2021, kamfanin Nijeriya ne, ba shi da dangantaka da United na Amurka.

4. Yarjejeniyar buɗe sararin samaniya

Amurka ta ƙulla yarjejeniyar zirga-zirgar jiragen sama da ƙasashe masu yawa, amma guda huɗu kaɗai ne suka ba jiragen baƙi damar ɗaukar fasinjan da gwamnatin Amurka ke biya wa: ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2008 kuma daga baya aka shigar da Norwe da Aisilan cikinta, sai ta Ostireliya, da ta Suwizalan, da ta Japan. Ukun ƙarshe ba su cika shafar matafiyi daga Nijeriya ba. Ta Tarayyar Turai ce ke da amfani a gare mu, domin ta halatta wa mai tallafi ya hau Lufthansa ko Air France ko KLM, ya ratsa ta Turai ya wuce Amurka.

Amma akwai wurare uku da ake tuntuɓe.

Na ɗaya: idan kuɗin ya fito daga ma'aikatar tsaron Amurka ko ɗaya daga rundunoninta, wannan sassauci bai shafe shi ba. Ba abin mamaki ba ne a sami binciken lafiya da sojan Amurka ke biya, don haka a tambaya.

Na biyu: Ingila ta fita daga Tarayyar Turai, kuma tun daga 1 ga Janairu 2021 kamfanoninta ba sa cikin wannan sassauci. 'Yan Nijeriya sun saba bin Landan, to amma tikitin British Airways ko Virgin Atlantic ba ya wadatarwa sai in yana ɗauke da lambar kamfanin Amurka.

Na uku: Nijeriya ma tana da yarjejeniyar buɗe sararin samaniya da Amurka, wadda aka sa wa hannu a 2000 ta kuma tabbata sosai a watan Mayun 2024, sai dai ba ta cikin huɗun nan. Haka nan kamfanonin Habasha da Ƙatar da Turkiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba sa ciki.

5. Uzurorin da doka ta yarda da su

Dokar ba ta ce a yi abin da ba zai yiwu ba. Ga manyan uzurorin da ta karɓa:

(a) Idan babu jirgin Amurka a wani yanki na hanyar. Daga Inugu, ko Omagwa ta Fatakwal, ko Asaba da Umueri waɗanda mutanen Anaca ke amfani da su, jirgin gida za a hau zuwa inda za a sadu da jirgin Amurka. Haka kuma tafiya tsakanin ƙasashen Afirka biyu inda jirgin Amurka ba ya bi.

(b) Idan jirgin Amurka yana tafiya kai-tsaye daga inda za ka tashi zuwa inda za ka sauka, dole a hau shi, sai in hawansa zai ƙara wa tafiyar awa 24 ko fiye.

(c) Idan ba ya tafiya kai-tsaye, ana iya barinsa in, idan aka gwada shi da jirgin baƙi, zai ƙara canjin jirgi sau 2 ko fiye a wajen Amurka, ko ya ƙara wa tafiyar awa 6 ko fiye, ko ya sa a yi jiran awa 4 ko fiye a filin da za a canja jirgi a wajen Amurka.

(d) Idan gajeriyar tafiya ce wadda ba ta wuce awa 3 ba a jirgin baƙi, kuma bin jirgin Amurka zai ninka lokacin.

(e) Idan akwai larurar rashin lafiya, ko haɗari ga ran matafiyi, ko kuwa kamfanin Amurkan ne da kansa ya mayar da fasinja cikin jirgin baƙi.

Kowane uzuri sai da shaida a rubuce: sunan matafiyi, ranakun tafiya, inda ya tashi da inda ya sauka, jiragen da ya hau, da dalilin da ya hana shi bin jirgin Amurka. Jadawalin jirage yana canjawa kullum, saboda haka a ranar da aka sayi tikiti ake ajiye shaidar. Bayan wata uku ba mai iya nuna abin da jadawalin ya ce a wancan lokaci.

6. Misali

Mu ƙaddara wani matashin likita, haifaffen unguwar Hausawa a Inugu, an gayyace shi taro a Washinton, kuma kuɗin NIH ne zai biya. Ya je wurin dillalin tikiti da gidansu ya saba hulɗa da shi. Dillalin ya nuna masa hanya biyu. Ta farko jirgin Habasha, wanda ya fara sauka a filin jirgin Akanu Ibiam a 2013: daga Inugu zuwa Adis Ababa, daga can zuwa Washinton, a ce dala 1,300. Ta biyu jirgin gida zuwa Legas, sa'an nan United, a ce dala 1,700. Likita ya duba, ya ga ta farko ta fi araha, ga shi ba wahalar Legas. Kawunsa mai sayar da shanu ya ranta masa kuɗin.

Da ya dawo ya kai rasit ofishin ma'aji, aka aika wa jami'ar da ke riƙe da tallafin. Amsa ta dawo cewa haruffan tikitin ET ne, ba za a biya ba. Ya yi niyyar rage wa aikin dala 400, ya ƙare da bashin dala 1,300 a wuyansa. Araha ba ta ado.

Abin takaicin shi ne wataƙila yana da uzuri. Idan bin Legas zai sa shi jiran awa 4 ko fiye, ko ya ƙara wa tafiyar awa 6, da ya nuna wannan tun farko, ya cika takardar shaida, ofishin tallafi ya duba ya amince, da mai yiwuwa an biya shi. Dillali kuwa ba shi da laifi, sana'arsa ce ya nemo wa abokin ciniki tikiti mai sauƙi. Matafiyi ne zai gaya masa irin kuɗin da za a biya da shi.

7. Yadda abin yake a gida

Ba Amurka kaɗai ke sa wa kuɗinta sharaɗi ba. Babban asusun da ke tallafa wa malaman manyan makarantunmu shi ne TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993, aka sake masa fasali a 2011. An fara shi da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, yana kuma biyan kuɗin bincike da na halartar taro. Wannan ma kuɗin jama'a ne, kuma umarnin gwamnati a kan tafiye-tafiye yana hawa kan ma'aikacin da ya karɓe shi.

A watan Oktoban 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ba da umarni cewa ministoci da manyan sakatarori da shugabannin hukumomi da makamantansu ne kaɗai za su shiga kujerar manya, sauran ma'aikata kujerar gama-gari. Umarnin ya kuma ce ba za a ƙara biyan alawus ɗin kwana na ranakun da aka yi a kan hanya ba. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen ma'aikata zuwa waje da kuɗin gwamnati har wata 3, daga 1 ga Afrilu, sai wadda aka ba izini na musamman.

Waɗannan umarni sun shafi kujera da izini, ba su zaɓa wa matafiyi kamfani ba. Amma akwai masu son a kai ga haka. A watan Disamban 2024 Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya tara masu ruwa da tsaki a Abuja a kan daftarin dokar da aka kira Fly Nigeria, wadda manufarta ita ce duk tafiyar da gwamnati za ta biya a fara ba kamfanonin gida. A lokacin wannan taro daftari ne, ba doka ba.

Masu goyon baya suna cewa kuɗin ƙasa zai zauna a ƙasa, kamfanoni su yi ƙarfi, matasa su sami aiki. Masu shakka kuma suna tambaya: ina jiragen? Nigeria Airways, wanda ya taɓa zuwa Landan da New York, ya daina aiki a 2003. Arik ya yi zirga-zirgar Legas zuwa New York daga 2009 ya tsaya a 2017. Air Peace ya fara zuwa Landan a watan Maris na 2024. Darasin da ke cikin dokar Amurka shi ne, ba tilastawar kaɗai ta riƙe ta ba. Uzurorin da aka rubuta dalla-dalla, da awa da lamba, su ne suka sa ake iya binta. Duk dokar da za a yi a nan tana bukatar irin wannan fayyacewa, don kada malami ya rasa taro saboda babu jirgin gida a hanyarsa, kada kuma a bar ƙofar da kowa zai bi ya zille.

8. Abin da za a yi

Kafin tafiya:
1. Tambayi shugaban aikin binciken, a rubuce, daga ina asalin kuɗin ya fito.
2. Karanta sashen tafiye-tafiye na takardar tallafin. Wasu jami'o'i da hukumomi sukan ƙara nasu sharuɗɗa a kan na doka.
3. Gaya wa dillalin tikiti cewa kana bukatar lambar DL ko UA ko AA, ko kuwa kamfanin Tarayyar Turai in an amince maka.
4. Aika jadawalin tafiyar ga ofishin tallafi, kada ka biya sai sun amsa.
5. In za ka nemi uzuri, ajiye shaidar jadawalin jirage ta ranar da ka saya.

Bayan tafiya:
6. Ajiye tikiti da rasit da katin shiga jirgi na kowane zango.
7. In kamfani ya canja maka jirgi a hanya, karɓi takardar da ta nuna haka kafin ka bar filin.
8. Kai takardunka da wuri, domin kowane tallafi yana da ranar rufe lissafinsa.

Ga iyaye da 'yan'uwa masu ba da rance: ba rashin yarda ba ne ku tambayi ɗanku ko 'yarku ko ofishin da zai biya ya ga tikitin ya amince. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa araha ba ta zama uzuri a ƙarƙashin dokar 1974?
2. Wata malama ta tashi daga Fatakwal a jirgin Lufthansa ta ratsa Jamus zuwa Amurka. Wace tambaya za a fara yi game da asalin kuɗin kafin a ce za a biya ta?
3. Mutum biyu sun hau jirgin British Airways ɗaya daga Landan. An biya ɗaya, an hana ɗaya. Me ya bambanta tikitinsu?
4. Da za a nemi shawararka a kan dokar hawa jiragen gida, waɗanne uzurori za ka ce a rubuta a cikinta?

Wanda ya karanta wannan takarda ya miƙa wa na kusa da shi, musamman gidan da ake shirin yi wa wani rakiya zuwa filin jirgi. Matafiya kuwa, a sauka lafiya.